Firijin Rigakafi a Illela

Da safiyar Litinin Shafa'atu ta buɗe firijin ƙaramin asibitin da take shugabanta a gefen Illela, iska mai ɗumi ta bugi fuskarta. Kwalaben maganin rigakafin shan inna ne a ciki, waɗanda za a ɗiga wa yaran ƙauyukan Araba da Garu a ranar. Kowace kwalba tana da alama a jiki, wadda zafi kan mayar baƙa. Ta ɗaga guda a hasken taga. Alamar ta yi baƙi.

Ta ƙwala wa Malami mai gadi kira. Malami ya shekara ashirin a ƙofar nan, kuma babban aikinsa shi ne lura da jan ƙwan lantarki na bango. In ya kama, an kawo wutar gwamnati ke nan, sai ya ruga ya ja makunnin da ke mayar da asibiti kan babban layi.

"Baba Malami, wa ya taɓa makunnin nan?"

"Ni ne, Likita. Ran Juma'a, bayan kin tashi, anka kawo wuta. Wata huɗu rabonmu da ita! Ko takalmi ban tsaya sawa ba."

"Ba ka ga an haɗa mana sola ba?"

"Na gani. Shin ba don ranar da babu wuta anka sa ta ba? Mi za a yi da ta rana ga ta gaske ta zo?"

Wutar ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙima, ta yi minti goma, ta ƙone akwatin da ke haɗa faifan sola da batura, ta tafi. Malami ya ji ƙauri, ya zaci shara ake ƙonawa a maƙwabta.

Shafa'atu ta tuna ranar ƙaddamar da solar. Masu haɗawa sun yi wa manyan baƙi dogon bayani da Turanci, an ɗauki hoto, lokacin Malami yana waje yana jera motoci. Ita ta ji bayanin. Ba ta maimaita masa ba.

A rumfa mata sun cika benci, wasu sun taso tun hantsi bai yi ba. Ta kwashe kwalaben cikin kwalin zubarwa, ta fito.

"Ku yi haƙuri, yau babu rigakafi."

"Sai yaushe, Likita?" in ji wata mai goyo.

"Sai an turo mai gyara daga Sakkwato."

Matar ta gyara zanen goyonta. "To, ni kam shuka ta kusa. Ba ni dawowa."