Kyamarar da Na Zaɓa wa Malam Sammani

"Ɗaga ta ka ji nauyinta, Malam Shafi'i," in ji Najib, yana turo min babbar kyamarar a kan tabarma.

A zauren maƙwabcina Malam Sammani muke. Shi yana jingine da bango, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Najib ɗan kasuwa ne daga Rijiyar Zaki, ya kawo kyamarori biyu 'yan gwanjo a jakar goyo don a zaɓi ɗaya. A lokacin wayoyinmu ban da kira da tocila babu abin da suka iya. Ni kuwa aka kira ni saboda na taɓa riƙe gidan kallo a Zakirai na wata takwas, shi ke nan fa na zama masanin na'ura a unguwarmu. Kuma ban musa ba, Allah ya yafe min.

Abin da Malam Sammani yake so a bayyane yake. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ce tak, Aina'u, ita ma mijinta ya mutu ya bar ta da yara huɗu. Ya ba ta gonar bayan gari kyauta, mai ɗorawar nan, amma da baki ya ba ta. Ya san ranar da ya rufe ido ƙaninsa Uwaisu zai ce gonar tana cikin gado. Don haka ya sayar da ragonsa, ya ce a ɗauke shi a cikin gonar yana faɗa da bakinsa.

"Ai ga Shafi'i shaida ne, Baba," in ji Aina'u daga bayan ƙofa.

"Shafi'i mutum ne. Yana mantuwa, yana mutuwa. Ki bar ni da na'ura."

Najib ya yi mana bayani tsakani da Allah. Ya ce ba a sa musu kaset, kowacce da rumbunta a ciki, wani ɗan faifai ne yake juyawa. Babbar tana cin awa talatin. Ƙaramar awa bakwai.

"Amma babbar ba ta son girgiza," ya ce. "Da ta ji jijjiga sai ta ɗauke don kar faifan ya lalace. Ƙaramar ta fi juriya. Da ni ne, ita zan ɗauka."

Na yi dariya. Wallahi har da dukan cinya. Na ɗauka so yake ya liƙa mana wadda ta ƙi fita.

"Kai yaro, manoma ka zo wa. Ka taɓa ganin an nuna wa manomi rumbu biyu ya ce a ba shi ƙaramin?"

Malam Sammani ya yi murmushi, ya ce, "Abin da Shafi'i ya ce." Najib ya ɗaga kafaɗa, ya nuna min jan maɓalli, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Maganar da za a ɗauka ko minti goma ba ta kai ba. Me zan yi da awa talatin? Ban tambayi kaina ba sai daga baya.

Washegari da hantsi muka fita, ba mu gaya wa kowa ba don kar labari ya kai wa Uwaisu. Malam ba ya iya taka ƙasa, sai muka shimfiɗa masa katifa a amalankena. Aina'u ta ja shanun, ni na zauna kusa da shi da kyamara. An gama girbi, kunyoyin sun bushe sun yi tauri, amalanken sai tsalle yake yana faɗawa. Rana ta haske ɗan gilashin kyamarar, ba na ganin komai sosai. Na ga dai wani rubutun Turanci yana fitowa yana ɓacewa, na ce aikinta take yi.

Ranar Malam ya yi magana kamar ba shi da ciwo. Muna tafe yana nunawa da sanda.

"Daga gambar nan ta gabas zuwa tsohuwar rijiya, har ɗorawa da 'ya'yanta, ni Sammani na ba 'yata Aina'u, da hankalina, ba gado ba ne. Shafi'i, tana ɗauka?"

"Tana ɗauka, Malam. Faɗi kanka tsaye."

Sau uku ya maimaita. Wuri ɗaya kawai muka tsaya, a gindin ɗorawar, da tari ya sarƙe shi. Da muka dawo na ce mu kunna mu gani, batir ya mutu, garin kuma babu wuta. Na ce ba komai, ai yana cikin rumbu.

Kwana uku bayan nan, da la'asar, na ji salatin Aina'u ta kan katanga. Ni na kama aka yi wa gawar Malam wanka. Ya rame har sai da na tsorata da rashin nauyinsa.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a ƙofar gidan liman. Uwaisu ya zo da 'ya'yansa maza, ya ce shi bai san da wata kyauta ba. Na kai kyamarar caji Zakirai tun da safe, na dawo da ita a aljihun babbar riga ina jin kaina. Na ce kowa ya matso.

Na kunna. Ga bayan Aina'u da ƙahon shanu. Muryar Malam ta ce, "Daga gam..." sai ɗif. Ta sake kamawa, ga sama, ga bakin sanda, sai ɗif. Haka, haka, gutsure-gutsure wajen ashirin, babu wanda ya kai a gama kalma biyu. Sai can ta kama sosai, minti huɗu cur: Malam a gindin ɗorawa yana tari.

"To," in ji Uwaisu, ko kunya babu, "ni dai tari na ji. Allah ya jiƙan Yaya."

Na rantse, na sake rantsewa, na kusa kai masa hannu. Liman ya ce in zauna. Ya tambaya ko akwai wani namiji da ya ji ban da ni. Babu. Mu da kanmu muka tabbatar babu. Aka sa igiya aka raba gonar biyu, ɗorawar ta faɗa ɓangaren Uwaisu.

Aina'u ba ta taɓa ce min komai a kan wannan maganar ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na so ta zage ni. Na ce ta kawo kyamarar in mayar wa Najib, ta ce a'a, Baba Shafi'i, a bar ta. Duk ranar kasuwa sai ta miƙo min ita ta kan katanga in kai caji.

Jiya da na dawo da ita, ta kunna tun ban bar zauren ba. Na ji tarin nan har ƙarshensa. Sannan Malam ya goge bakinsa da hannun riga, ya dubi inda take tsaye, ya ce, "Aina'u, bar shanun nan su huta, ke ma ki shigo inuwa."

Ta mayar da shi farko, ta sake kunnawa.