Bargon Madam Manzo

Habsu, matar Manzo tafintan kumandan Gure, kwana tara ta yi a Damagaram, ta dawo ta ce daga yau a riƙa kiranta Madam Manzo. Wai can ta leƙa ɗakin wata matar Nasara, ta ga bargon da aka harhaɗa da ƙyallaye, gida-gida, kowane gida da nasa zane. Irinsa take so, don matar kumandan ta ce za ta shigo gidanta bayan salla.

Ita kuwa Habsu ko zare ba ta iya zurawa a allura. Sai ta aika aka kira Yabawa, 'yar maƙwabta, wadda ta koyi ɗinki da kanta wajen farke tsofaffin riguna tana duba yadda aka haɗa su. Yabawa ta yarda, da sharaɗi ɗaya: in mata sun taru, a ce ita ta ɗinka. Abin da take nema ke nan, matan Gure su san hannunta, su daina kai ɗinkin 'ya'yansu Gidigir.

Habsu ta ce, "Za a faɗa. Kuma ba bargo ba ne, kubartir ne."

"To, Yaya Habsu."

"Madam."

"To, Yaya Madam."

Yabawa ta share ƙasa ta zana gidajen da tsinke, guda ashirin da biyar. Wannan tsani, wannan sawun raƙumi, wancan gurbin dara. Ta bi maɗinkan kasuwa tana tsintar guntayen saƙi da atamfa da alawayyo, ta wanke, ta shanya, ta yanka. Wata biyu tana abu ɗaya, har kan yatsanta ya yi kanta.

Saura gidan tsakiya, sai ga Habsu da sabon turkuɗi yana walƙiya.

"Da wannan za ki yi tauraro, daidai inda matar kumandan za ta zauna."

Yabawa ta murza shi, ta nuna mata yatsunta. "A wanke shi tukuna. Yana zuba."

"A wanke turkuɗi? Ƙyallin fa, a bar wa rijiya?"

"Mu in ya shafe mu ado ne. Ita farar riga take sawa."

"Ke kika zauna da Nasara ko ni? Baƙauya kawai."

Yabawa ta yi tauraron. Ya yi kyau ƙwarai.

Ranar zuwan baƙuwa mata suka cika tsakar gida, ana shafa bargon ana salati. Tsohuwa Yakura ta ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Habsu ta gyara ɗankwali. "Ni, da hannuna. A Damagaram na koya. Yabawa dai ta taya ni zura zare."

Yabawa tana tsaye gindin randa. Ta ɗebi ruwa ta sha, ta mayar da moɗa.

Matar kumandan ta iso da azahar, Manzo na biye da ita, zafin bazara ya jiƙa mata baya sharkaf. Aka zaunar da ita kan tauraron. Ta kurɓi fura, ta yi murmushi, Habsu na ta zuba mata "mersi", godiyar Nasara, ko ba a ba ta kome ba. Da baƙuwar ta miƙe, sai ido ya koma bayanta. Ga tauraro nan shuɗi, ƙafa takwas cif, ya bi farar rigar. Ta shafa, ta dubi tafinta, ta yi magana da sauri da sauri.

Manzo ya fassara. "Wai wa ya ɗinka wannan?"

Habsu ta miƙa yatsa. "Waccan yarinyar!"

Yabawa ta ce, "Ni zare na zura, Madam. Kowa ya ji."

Yakura ta ce, "Mun ji kuwa."

Abin da Manzo ya juya wa baƙuwar, shi kaɗai ya sani. Ta fita riƙe da hularta a baya, tana rufe tauraron. Kafin la'asar Habsu ta cillo bargon ta kan danga, da zagi biye da shi.

Yabawa ta ɗauka ta kakkaɓe. Washegari ta zauna a ƙofar gidansu, inda masu zuwa rijiya ke wucewa, ta farke tauraron, ta soma sabo da wankakken saƙi. Mata suka riƙa tsayawa da tulu a ka suna kallon allurar.

Da hantsi Yakura ta zo ta dire ƙunshin ƙyallaye a gabanta. "Jikata za ta tare bayan damina."

"Bargo kike so, Iya, ko kubartir?"

"Wanda ba ya bin mutum gida."