'Yan Tayi Biyu a Cikin Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai ga shi ina da 'ya'ya biyu a daskare a wani asibiti a Khartum. To, ni 'ya'ya nake ce musu. Diktora Su'ad, likitar da ta cire ƙwaina ta haɗa da na mijina, 'yan tayi take kiransu, ta adana su cikin ƙanƙara sai ranar da za a saka mini a mahaifa.

"Ya Ni'imatu," in ji ta, "shekarunki arba'in da ɗaya, biyu sun yi kaɗan. In aka saka suka ƙi kamawa, kafin mu dawo cirar ƙwai kin ƙara tsufa. Mu tara biyar ko shida tukuna. Wata huɗu ne kawai."

Wata huɗu kawai! Sai ka ce shayi ta ce in jira ya huce.

Mijina Zainul'abidin mai walda ne a unguwar Alshajara, kowa Usta yake ce masa, har ni. Sau biyu a sati ake yi masa wankin ƙoda. Kuma akwai takardar da asibitin ya sa muka sa wa hannu tun farko: in miji ya rasu ko aure ya mutu, zubar da 'yan tayin za a yi. Na zaci tsarinsu ne na likitoci, sai na tafi wurin Baffa Sule, ƙanin mahaifina, da yake karantarwa a masallacin unguwarmu a Umdurman.

"'Yata, ba a saka wa mace cikin mijin da ba ya raye," in ji shi.

"Ko ina cikin takaba, Baffa? Nasa ne fa, na halak!"

"Ko kina cikin takaba."

Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Na ce da Usta a saka biyun yanzu, ya ce sam, maganar likita za mu bi.

"Ni'ima, kin fi Diktora sani ne? Ina za ni cikin wata huɗu? Ni da nake ɗaga ƙofar ƙarfe ni kaɗai!"

"Rabonka da ɗaga ko guduma shekara guda, Usta! Kai dai bakin ne bai gaji ba."

Sati uku muna wannan. Ina da baki, na sani, amma shi ma taurin kansa ya ishi gari. Wata rana bayan azahar yana barci a kan angare, gadon nan na igiya, na ga kamar ƙirjinsa ba ya motsi. Na lallaɓa na kai bayan hannuna kusa da hancinsa. Sai ya buɗe ido.

"Ni kike gadi, ko su na cikin ƙanƙara?"

Na shige kicin na yi ta kuka, don ni kaina ban sani ba.

Ranar Laraba ce ranar da za mu ba Diktora amsa. Ranar Talata ya je wankin ƙodarsa shi kaɗai, ya dawo bai ci abinci ba, bai kuma tsokane ni ba. Washegari da safe muka hau bas, muka maƙale a kan gada kusan awa guda, ga zafi, ga hayaƙi. Ni ina ta shirya faɗan da zan yi a gaban likita, ko zai ji kunya ya sauko. Shi kuwa ruwan kogi kawai yake kallo.

Muna zama na buɗe baki ke nan, ya riga ni.

"Diktora, a saka mata su wannan watan. Duka biyun."

Na juya na kalle shi. Diktora ta ajiye biro. "Ya Usta, na gaya muku, da biyu kaɗai damar ba ta da yawa."

"Na ji. Jiya likitan ƙodata ya duba zuciyata, mun yi magana." Ya share gumi da hularsa. "A saka kawai."

Abin da na yi sati uku ina masifa a kai ke nan, ga shi na samu, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na riƙe hannunsa. "Me ya ce maka, Usta? Don Allah me ya ce?"

Bai kalle ni ba. Ya ce da Diktora, "Ki ba ni takardar izinin in sa hannu tun yau."

"Ba a yin haka. Ranar sakawa miji yake zuwa da ƙafarsa ya sa hannu a gabanmu."

"Kwana nawa kafin mahaifar ta shirya?"

"Goma sha takwas, in sha Allahu."

Ya ƙirga kwanakin, yana motsa leɓe. Sannan ya ce, a hankali, "Ba yadda za a yi a rage?"