Na Ɗinke Aljihun Mutane

Keken ɗinkina na ƙafa ne, kuma ba ya rufa mini asiri. In raina fari ne, a hankali yake tafiya. In ina jin haushi, har teburin rawa yake yi. Mai ɗakina, da ke sa maɓalli a kusurwar shagon, ta fi ni sanin haka.

"Maigida, yau kuma da wa ake faɗa?" in ji ta.

"Faɗan me? Aiki nake yi."

"To duba wandon mutane."

Na duba. Na ɗinke bakin aljihu ruf, har guda biyu, ni da na shekara talatin a kan keke! Na ɗauki reza na fara farkewa. Farke ɗinki ba ya son gaggawa, sai na samu sararin tambayar kaina inda hankalina ya tafi.

Wajen ƙanena ya tafi. Sati uku na yi a kwance bai leƙo ni ba, yau kuma ya aiko cewa zai zo. Tun safe nake wanke shi tas a zuciyata, yana mayar mini da baƙar magana, ina ƙara hawa. Sai abin ya ba ni kunya: bawan Allahn nan bai ce uffan ba. Ni nake sa masa magana a baki, ni kuma nake jin zafinta. Da ya shigo a lokacin, da na kore shi a kan abin da bai faɗa ba, alhali mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu.

Haushin bai tafi gaba ɗaya ba. Amma duk lokacin da faɗan ya taso, sai in ce, ga shi nan kuma, in ɗage ƙafa daga keke.

Da yamma ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai.

"Shigo mana," na ce. "Lafiya kuwa, kwana biyu?"

"Kunya ce, Yaya. Na makara da kwana uku, sai na kasa zuwa. Kullum ina jin faɗan da kake yi mini a kaina."

"Me na ce maka?"

"Ka ce ba ka da ƙane."

Na kawar da yadin da ke kan benci, na jawo hannunsa.

"Wancan ba ni ba ne. Zauna ka ji daga bakina: na yi kewarka."