Famfon da Eilif Ya Murɗa

Shekara ashirin da takwas Torunn tana nutso da mijinta Eilif, kuma ba ta taɓa faɗawa ruwa ba sai ya buɗe mata famfon tukunyar iskar da ke bayanta, ya bubbugi tukunyar sau biyu. Da furfura ta gama cin kansu, maimakon su zauna renon jikoki, sai Eilif ya rubuta sunayensu a kwas ɗin nutso mai zurfi na wani malamin nutso, Magnar. Akwai wani tsohon jirgin kamun kifi kwance a zurfin mita arba'in a ƙarƙashin teku bayan wani tsibiri, Eilif kuwa ya rantse sai ya taɓa shi kafin ya cika saba'in.

Sati uku suna fama. Magnar ba ya ragawa kowa, ko da ka girme shi. Ya sa su lissafin iska, ya sa su tsayawa a zurfin mita biyar har sanyi ya ratsa ƙashi. Ranar Asabar ce nutson ƙarshe, na jirgin, wanda bayansa za a ba su takardar shaida.

A cikin kwalekwale Eilif ya zagayo bayanta. "Juyo nan, tsohuwa. In ba ni ba wa zai kula da ke?"

"Ji shi! Wanda ya bar safar hannunsa a mota."

Ta ji ya murɗa famfon, ta ji bugu biyu. Ita kuwa ta riga ta buɗe shi tun a bakin gaɓa. Ta sa bututu a baki ta ja numfashi tana kallon agogon iska, kamar yadda Magnar ya nace. Ja na farko allurar agogon ta girgiza, na biyu ta sauka, na uku babu komai. Rufewa ya yi.

Ba ta yi mamaki ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Tun bazara yake kiran karensu da sunan tsohon karensu da ya mutu. Ran nan ya ɓata a hanyar gidan 'yarsu Solfrid, Torunn ta ce gajiya ce. Yanzu babu sauran abin da za ta laɓe a bayansa. A mita arba'in mantuwa ɗaya ta isa ta rasa shi.

Ta ɗago ta ga Magnar yana kallon agogon nata.

Masu nutso suna da doka: duk wanda ya ɗaga babban yatsa, an fasa ke nan, kuma ba a tambayarsa dalili. Torunn ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ɗaga.

"An fasa," in ji Magnar. "A cire kaya."

Eilif ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya zauna kusa da ita, ya zuba mata kofi daga filas, ya riƙe hannunta.

"Haba, tsohuwa, mene ne abin kuka? Tsoro ba abin kunya ba ne. Jirgin ba gudu zai yi ba, sai mu dawo badi. Ke dai ki tsaya kusa da ni, ni zan duba miki komai."

"To," ta ce.

Ya miƙa hannu ya sake bubbuga tukunyar sau biyu.