Taku Talatin da Bakwai

A Kumasi aka haife ni, a can na yi aure, a can na binne matata Hansatu. Duk da haka, a ƙarshen 1969 gwamnati ta ce ni baƙo ne, ta ba ni mako biyu in koma gida. Gidan da ake nufi shi ne Zuba, garin ubana, wanda ban taɓa gani ba. A nan kuma sunana Ɗan Gana. Ina zama a rumfar zana a bakin tasha, ina rubuta wa mutane wasiƙa. Babu wanda ya kai ni karatu a garin nan, ladana shi ne in rubuta "bayan gaisuwa mai yawa" sau ashirin a wuni.

Kantina na littattafai yana can Zangon Kumasi. Na bar shi da sunan Solomon, wani mutumin Asante da muka shekara tara muna aiki tare. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: duk damina ya nome kabarin Hansatu. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Da ƙafa na san nata, taku talatin da bakwai daga gindin mangwaro, ka miƙe gabas. Na nuna masa ranar tashina, a gurguje, mota tana jira.

Bana, shekara biyar ke nan, Solomon ya rubuto yana son ya sayar da kantin ya koma garinsu. Takarda da sunansa take, amma mutum ne mai kunya, sai da yardata. Na yi wata uku ban amsa ba. In kanti ya tafi, Solomon ya tafi, ciyawa ta cinye Hansatu.

Baƙo, direban motar goro da ke kai mana wasiƙu, ya tsaya a kaina.

"Malam, mutumin nan fa ya gaji."

"Ni ma na gaji. Wa na kai wa ƙara?"

"Ka bari ya sayar, ka yi aure. Ga zawarawa nan a Zuba kamar ayaba."

"Ayaba kwana uku take yi, Baƙo."

A ƙarshe na rubuta wa Solomon ya ƙirgo mini taku daga mangwaro, ko zan sami wanda zai gaje shi. Amsa ta zo bayan wata biyu. Taku arba'in da shida, in ji shi. Bai taɓa fashin damina ba, har furanni ya dasa, irin yadda suke yi wa nasu.

Solomon ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda. Yawan takunsa ya kamata ya gaza nawa, ba ya wuce ba.

Na tashi na auna a filin tasha, talatin da bakwai nawa, arba'in da shida irin nasa. Tsakanin biyun za a jera kabari biyar, har da rara.

"Lafiya, Malam?" in ji Baƙo. "Ka yar da wani abu ne?"

"Da daɗewa."

Ban san wane bawan Allah ya sami furanni shekara biyar ba. Allah ya sa yana so.

Na koma rumfa na rubuta layi biyu: "Ka sayar. Na gode da furanni." Na liƙe na miƙa wa Baƙo. Wata tsohuwa tana zaune a benci tun ɗazu, ɗanta yana Kaduna. Na jawo sabuwar takarda.