Wurin Muryar Kamilou

Djafarou, mai kula da kwamfutar shagon, ya sake danna maɓallin, kwamfutar ta ƙi buɗe ma'ajiyar muryoyi. A bencin shagon da ke unguwar Manshiya, wata tsohuwa tana zaune riƙe da ledar kayanta. Sunanta Ousseina, daga Tasawa ta zo, kwana tara a hanya, neman ɗanta Kamilou.

Al'adar 'yan Nijar ce a nan Sabha: duk wanda zai hau motar arewa zuwa bakin teku, sai ya biyo shagon nan ya faɗi sunansa da garinsu, ya bar wa mahaifiyarsa saƙon murya. In an jima ba labari, a nemi muryar a ba iyalinsa. Muryoyin suna cikin wata kwamfuta ta ƙirƙira, ta manhaja zalla, da Djafarou ya gina a cikin babbar kwamfutar shagon, tana da faifanta na ajiya. Faifan nan ne ya cika maƙil.

Souleymane, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, yana tsaye a kansa yana jan carbi.

"Kai Djafarou, tun azumi nake ce maka ka ƙara mata wuri. Ba ta duka wurin mana, a huta!"

"Baba, ba haka ake yi ba. Faifan iri biyu ne, siriri da mai kauri. Mai kauri, in ka ce masa girmansa giga dubu ne, nan take zai kame dubun, ko babu komai a ciki. Siriri kuwa alkawari kawai yake riƙewa, sai abu ya shigo yake cin wuri. Namu siriri ne. In na kuskure ya koma mai kauri, babbar kwamfutar ba ta da wurin, duka su tsaya."

"Da muryoyin?"

"Ina tsoron har da su."

Tsoron nan ne ya sa ya yi wata huɗu yana cewa gobe. Bai faɗa ba, amma Souleymane ya sani.

Djafarou ya jawo kujera ya zauna. Ya kashe kwamfutar ta cikin, ya ƙara lambar girman faifan, ya duba layin da ke nuna iri sau uku. Siriri. Ya yi bismillah ya danna. Ya tayar da ita, ya shimfiɗa ma'ajiyar a kan sabon filin. Sunaye suka jero, fiye da dubu biyu.

"Alhamdulillahi," in ji Souleymane. "Inna, matso."

Kamilou na Tasawa shi ne na ƙarshe a jerin. Djafarou ya duba tsawon saƙon. Na kowa minti biyu ne, uku. Wannan daƙiƙa huɗu. A kansa faifan ya cika. Ya tuna saurayin ma: dogo, mai tabo a goshi, ya daɗe yana magana yana dariya, ya yi godiya ya fita, ba wanda ya duba ko saƙon ya shiga duka.

Ya kunna.

"Inna, ni ne, Kamilou. Ina so in gaya miki..."

Nan saƙon ya yanke.

"Sai me?" ta tambaya.

"Iyakarsa ke nan, Inna. Laifina ne."

Ba ta dube shi ba. "Maimaita."

Ya maimaita har sau biyar. Souleymane ya juya fuskarsa bango.

Can ta ce, "Ɗana, yanzu akwai wuri?"

"Akwai, Inna. Da yawa."

"To, ɗauki tawa muryar. In ya biyo ta nan, ya ji."

Ya miƙa mata abin magana. Ta gyara mayafi, ta fara da gaisuwa, ta ce akuyarsa ta haihu biyu. Wannan karon Djafarou bai ɗauke ido daga lambar tsawon saƙon ba, yana kallon tana ƙaruwa, har ta gama.